Audugar Bayan Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, kuma duk mai takardar makaranta yana jin kamar shi aka danƙa wa ƙasar a hannu, na yi aikin malamin gona a nan Gombe. An ba ni keke, da wandon kaki iya gwiwa, da littafin rubuta rahoto. Shekaruna ashirin da 'yan kai, kuma na san komai. Tun daga lokacin ban sake kai wannan matsayi na ilimi ba.

Gombe ta wancan zamani garin auduga ce. In kaka ta yi, duk hanyar da ka bi sai ka ga farin auduga maƙale a jikin ƙaya, inda jakuna da amalanke suka goga suka wuce. Da ita ake aure, da ita ake rufin kwano, da ita ake sayen rediyo. Abokiyar gabarta kuwa wata 'yar tsutsa ce da ba ta kai gaɓar yatsa ba, jikinta ja-ja. A makarantar aikin gona an koya mana cewa ba 'yar ƙasa ba ce. Cikin irin auduga ta ɓuya ta ƙetaro teku, babu fasfo babu mai tambaya, ta ga wuri ya yi mata, ta zauna. Takan huda ƙwallon auduga tun yana ɗanye ta shige, ta cinye angurya, wato 'ya'yan da ke ciki, ta ɓata farin. Daga waje gona kore shar, mai ita yana ta tsara abin da zai saya. Ranar tsinka sai ya tarar rabin ƙwallayen sun ƙi buɗewa, waɗanda suka buɗe kuma sun yi rawaya kamar tsohon haƙori.

Feshi ba ya yi mata komai, tunda tana ciki ta rufe ƙofa. Yunwa ce ke kashe ta. Don haka aka yi doka: in an gama tsinka, kowa ya tuge karan audugarsa, ya tara ya ƙone kafin ranar da hukuma ta sa, a yi watannin rani babu ko tsiro ɗaya na auduga a tsaye. Tsutsa ta rasa abinci, ta rasa makwanci, damina ta zo a fara da gona mai tsabta. Aibin dokar ɗaya ne, ba ta aiki sai kowa ya bi. Gona guda in ta tsaya, za ta rayar da tsutsar da ta ishi unguwa.

Manoma suna da nasu ganin. Karan auduga itacen girki ne mai kyau, awaki suna son tohonsa, ƙasar rani kuma ta yi tauri kamar daɓe, kafin ka tuge kunya biyu hannunka ya yi bororo. Aikina shi ne in bi su gona-gona ina tunatarwa, wanda ya ƙi in rubuta sunansa. Aka ba ni Kagarawal da kewayenta, wadda a lokacin gonakinta sun fi gidajenta yawa. Ina cikin shekarar gwaji, sai maigidana a ofis ya sa hannu za a tabbatar da ni a aiki, saboda haka na ɗauki dokar da zafi fiye da wanda ya rubuta ta.

A Manawashi nake zaune tare da mahaifiyata. Iyayena daga duwatsun kudancin Gombe suka zo tun kafin a haife ni. Mahaifina kafinta ne, ya rasu ina makaranta, ya bar mana ɗaki biyu da tsakar gida da kujerun da har yau ba su girgiza ba.

Wata safiya mai unguwar Kagarawal ya tara mini magidanta a ƙofar gidansa. Na zo da shirina, tsutsa guda a cikin kwalba, da zanen rayuwarta a kan kwali. Na yi jawabi na kusan sa'a guda. Har na ce musu ƙasa ta zama tamu yanzu, babu sauran Baturen da za mu ɗora wa laifi. Suka saurare ni da irin ladabin mutanen da suka riga suka yanke shawarar ba za su yi ba.

Da na gama, wani dattijo da ke zaune a gefe ya yi gyaran murya. Manomi ne da damina, masaƙi da rani, kuma yana cikin mutanen nan da in sun yi gyaran murya kowa ke yin shiru.

"Malamin gona, ina da tambaya, in ba laifi."

"Ina ji, Baffa."

"Wannan tsutsa taka, ta yi makaranta?"

Aka yi dariya. Na ce ban gane ba.

"Nufina, tana bambance gidan talaka da gidan ma'aikaci? In ta iso ƙofar mai albashi, takan yi sallama ta juya?"

Na ce, da muryar mai karanta amsa daga littafi, "Ba ruwanta da wannan, Baffa. Duk inda auduga take, nan ne gidanta."

"To madalla. Ashe har Manawashi tana zuwa." Ya gyara zama. "Akwai wata auduga a bayan ɗakin tsohuwarka. Ta fi ka tsawo, ta girme ka. Rani da damina tana tsaye, ban taɓa jin an sa mata rana ba. Ran da ka tuge ta, ka aiko mini, ni kuma in tuge tawa kafin azahar. Ko ba haka ba, jama'a?"

Jama'a suka ce haka ne, da sauri irin na waɗanda aka sauke wa kaya.

Abin da ba wanda ya yarda da shi a ranar, kuma har yau in na faɗa sai a yi murmushi, shi ne wallahi ban san da ita ba. Na san akwai wata 'yar bishiya a bayan ɗakin mahaifiyata, mai jan reshe da siraran ganye kamar yatsu. A inuwarta na yi rarrafe. A kanta nake shanya wandon kakin nan duk Asabar. Na san Mama tana tsinkar fari a jikinta tana kaɗi. Amma audugar da aka koya mini a makaranta tana tsayawa a layi, iya ƙugu, tana mutuwa a shekara. Wannan kuwa kayan gida ce, kamar turmi. Ban taɓa haɗa su a zuciyata ba, sai da wani masaƙi ya haɗa mini su a gaban mutum arba'in.

Na fara biyawa wurin abokina. Tare muka yi makaranta, shi aka ba kula da sito inda ake ajiye iri, aikin da ya dace da shi domin ana yinsa a zaune. Na ba shi labari, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ka rubuta fure ne," in ji shi. "Matan Turawa sun bar furanni cike da bariki, wa ya tuge? Ko ka datse ta ka kifa mata kwando, in an zo dubawa ka ce kaza ce ke kwanci."

Na ce masa ni ba na wasa da aiki. Ya ce ya sani, shi ya sa yake tausayina.

Da na isa gida na jingine keke, na zagaya bayan ɗaki da 'yar wuƙata. Ina fatan kada in samu komai, don in koma Kagarawal in ce wannan iri ne na daban, tsutsa ba ta kula shi. Ƙwallo na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na uku ina tsagawa ga ta nan, ja-ja, ta naɗe a cikin angurya kamar mai hayar da ta daɗe a gida.

"Malam, bincike ake yi?"

Mahaifiyata ce a bayana. In ta kira ni Malam, na san ba yabo ba ne.

Na nuna mata tsutsar a bakin wuƙa, na fara jawabin safe daga farko. Ba ta bari na yi nisa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da angurya, ta tona da yatsa, ta zaro guda biyu da suka manne da juna. Ta fasa da haƙori. Tsutsa ce a tsakiya.

"Waɗannan tagwayen, ita ke ɗinke su ta kwanta a ciki. In ina gurza na tsince su in watsa a murhu. Sauran in baza a kan kwano rana ta gasa su, duk mai rai a ciki ta fito ko ta mutu. Tun ba ka da wando nake yi. Sai me kuma aka koya maka?"

Na ce an koya mini cewa muddin bishiyar tana tsaye da rani, tana ciyar da tsutsar da za ta tashi ta faɗa gonakin mutane. Kuma yanzu Kagarawal gaba ɗaya ta ce ba za ta tuge ba sai an tuge wannan.

Ta dube ni, ta ce in biyo ta. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi. Layukan saƙi ne, kowanne faɗin tafin hannu, irin waɗanda ake haɗawa a ɗinke su zama zane. Launinsu ba fari tas ba, kamar madarar da ta kwana.

"Irin bishiyar nan a bakin zanena na ƙulle shi na taho da shi daga gidan uwata. Da zaren irinta aka rufe kakarka. Zane na farko da na haɗa, ubanka ya riga ni, ya tafi da shi. Wannan nawa ne. Akwatin gawa kam, tunda mai bugawa ya tafi bai buga mini ba, kowane kafinta ya yi. Amma ba na so a naɗe ni da yadin kanti, wanda ban san hannun da ya taɓa shi ba. Saura layi biyar. In Allah ya bar mu ni da ita, kaka biyu ko uku."

Ta mayar da ƙunshin, ta tura akwati, ta tambaye ni ko zan ci tuwo yanzu ko sai na yi wanka. An rufe zama ke nan.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar hukuma tana matsowa. Kara yana tsaye a Kagarawal ƙyam. Labari ya kai unguwannin da ke maƙwabtaka, waɗanda suka fara tugewa suka ajiye fartanya suna jiran su ga ƙarshen wasan. Maigidana ya kira ni ofis. Mutum ne marar hayaniya. Ya ce ba ya son jin tarihin bishiyar kowa, abin da yake so shi ne ya hau mota ya zagaya ya ga hayaƙi. In bai gani ba, akwai wurare masu nisa da ke bukatar saurayi mai ƙwazo kamata.

Na yi tunanin sare ta ranar Alhamis, lokacin da Mama take zuwa taron zumuntar mata a coci. Har na wasa adda. Na tsaya a gabanta na ɗan lokaci, sannan na je na sare wani reshen dalbejiya da bai yi wa kowa laifi ba, don kada a ce na wasa adda a banza.

Daga nan na koma wurin dattijon, da niyyar roƙo. Na same shi a rumfarsa ta saƙa, ƙafafu a rami, yana jefa ƙoshiya. Na ce masa akwai abin da bai sani ba game da bishiyar nan.

"Layukan?" in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wa kake tsammani ke saƙa mata? Shekara nawa tana kawo mini zaren nan. Gajeren gashi gare shi, ga taurin kai, amma in ya shiga saƙa ba ya tsinkewa. Na san na mene ne."

"Ka sani, Baffa, kuma ka ce a tuge?"

"Ni ban ce a tuge ba. Cewa na yi ran da ka tuge. Na dube ka na ga kana da tsauri, amma ba ka kai nan ba. Kai ka huta, mu mu huta, awaki su ci toho. Wa aka cuta?"

Na ce auduga ta baɗi aka cuta. Ya ce baɗi tana hannun Allah. A makaranta ba a ba mu amsar wannan ba.

Ban gaya wa mahaifiyata yadda muka yi ba. A Kasuwar Gombe ta ji, wajen masu sayar da daddawa, inda labari ke isa kafin mai shi ya isa gida. Ta dawo ta dire kwando da ƙarfi fiye da yadda tumatir ke so.

"Ashe ni aka mayar zana? Ƙattin Kagarawal, masu gemu, sun rasa inda za su ɓuya sai bayan tsohuwa? Wai sun san ɗana ba zai iya ba."

Na ce, a hankali, ai gaskiya suka faɗa.

"Na sani. Ni na haife ka. Gobe ka je ka ce wa sarkin saƙa ina gayyatarsa, ya zo da shaidu."

Washegari da hantsi ta tsinke duk farin da ya rage a jikin bishiyar, har wanda bai gama buɗewa ba. Dattijon ya iso da mutum uku. Da ya ga adda a hannunta sai fuskarsa ta sauya.

"Haba, uwar malami. Wasa ne tsakanina da yaron nan. Ajiye addar."

"A gaban mutane ka yi wasan. Za ka koma gabansu ka ce ka janye, kowa ya tuge?"

Ya dubi shaidunsa. Janyewa a gaban mutane ba ta cikin sana'o'insa biyu.

Na miƙa hannu in karɓi addar, ta kauce. "Ba kai ka shuka ba." Sara bakwai ta yi, na ƙirga domin ba ni da wani abin yi da idanuna. Tonon saiwa ne ta bar mini, kuma saiwar ta yi nisa ƙwarai, har ƙarƙashin harsashin ɗaki. Muka tara a tsakar gida ta kunna wuta. Wata maƙwabciya ta ce ai da an bar itacen an yi girki da shi. Mama ta ce doka cewa ta yi a ƙone, ba ta ce a dafa wake ba.

Dattijon bai jira wutar ta mutu ba. Ya sa takalmansa ya fita, kuma kafin azahar, kamar yadda ya faɗa, hayaƙi ya tashi a gonarsa. Cikin kwana uku Kagarawal ta yi fayau. Maigidana ya zagaya da mota ya ga abin da yake so, ya sa hannu a takardata, har ya ce ina da dabarar tafiyar da jama'a. Na karɓi yabon ban yi gardama ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da ɗan mutuncina. Amma akwai iri.

Mama ta gurje audugar ƙarshe, ta tsince tagwaye, ta gasa sauran a rana, ta ƙulle a tsumma. Bai fi cikin tafi biyu ba. Shirinta ta shuka da damina ta tuge da rani, kamar kowa. Ni kuwa ina neman hanyar da zan nuna na yi wani abu. A sitonmu akwai wata ganga mai mariƙi da ake zuba iri a ciki, a barbaɗa jan magani, a juya kafin a raba wa manoma. Na ce ta ba ni in kai a sa masa magani, don a tabbata. Ta ce rana ta riga ta tabbatar. Na ce rana ba ta da ma'auni. Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ba a son a ƙara kunyata shi a mako guda, ta miƙo mini ƙullin.

Na kai sito na tarar abokina ya fita. Na kwance tsumman, don kada a ga ma'aikaci da tsumma, na juye irin a takarda na ajiye a kan teburinsa. Ban rubuta komai a jiki ba. Ni da nake rubuta rahoto a kan ko akuya ta shiga gona. Na tafi zagaye da niyyar in dawo in yi masa bayani.

Da na dawo, ganga tana juyawa, teburi babu komai.

"Ɗan irin nan? Na ɗauka ragowar samfur ne, na juye a ciki. Ai ba a zubar da iri."

An riga an cika buhuna an ɗinke, na Kagarawal da ƙauyukan gefenta. Muka farke biyu muka baza a ƙasa. Komai ya zama ja, kowace angurya kamar 'yar'uwarta. Na yini a durƙushe ina tsintar waɗanda na ga kamar sun fi ƙanƙanta, daga baya na gane ina tsintar marasa lafiya ne kawai. Abokina, wanda a ranar bai yi dariya ba ko sau ɗaya, ya ce in ɗebi tafi biyu in kai mata, ja ja ne. Na ce matar da ke gane tsutsa a cikin angurya da yatsa ba za a yi mata wannan ba.

Wani abin da na gano bayan shekara biyu, ina karanta takardar da ke jikin gwangwanin maganin, shi ne jan maganin nan ba na tsutsa ba ne sam. Na wata cuta ce ta ganye. Maganin tsutsar da ke cikin iri shi ne zafi, wato abin da Mama ta riga ta yi a kan kwano.

Na gaya mata a tsaye, daga bakin ƙofa.

"An ƙone?"

"A'a."

"Ɓera ya ci?"

"A'a. An gauraya da na gwamnati, za a raba wa manoma."

"To ba ta mutu ba ke nan. Gida ta bari." Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ta daina kirana Malam, abin da ya fi mini ciwo fiye da in ta ci gaba.

Da damina ta kankama, cikin ayyukana har da bin gonaki ina cire duk audugar da ba ta yi kama da irin da aka raba ba, don kada iri ya gurɓace. Wato an ba ni umarni a rubuce in nemo audugar mahaifiyata in hallaka ta. Na nema kuwa, ba don umarnin ba. Na bi kunya-kunya har wuyana ya ƙage, ban ga ko ɗaya ba.

Wata rana ina wucewa dattijon ya tsayar da ni a bakin gonarsa.

"Malamin gona, ina da baƙi. Zo ka gani ko ka san su."

Can tsakiyar gona, guda uku, jan reshe, siraran ganye, sun ɗara sauran tsawo. Ya ɗaura wa kowacce ɗan zare don kada masu noma su yi kuskure. Ya ce tun suna ganye huɗu ya gane su, ya bari ne su yi ƙarfi kafin ya nuna wa hukuma.

"Doka ta ce me a kansu?" ya tambaye ni.

Na buɗe littafina, na rubuta cewa an duba gonar, ba a sami baƙon iri ba. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi wa gwamnati, kuma da kyakkyawan rubutu na yi ta.

Irin nan ba ya sauri, bai saba da a sa masa rana ba. Sauran auduga ta buɗe an tsinke, su uku suna fure. Dattijon ya tuge gonarsa kaf tun da wuri, ba wanda ya aika masa, ya bar su su kaɗai a fili har ranar ƙarshe ta hukuma. A ranar ya tsinke abin da ya samu, ya tuge su ya ƙone, ya zo Manawashi da audugar a cikin hularsa. Ba ta cika hular ba.

Mama ta ɗauki ɗaya ta ja gashin tsakanin yatsu biyu. Ta ja wani.

"Ita ce," ta ce. "Ta rame."

"Ta yi zaman baƙunta ne," in ji shi. "Uwar malami, a yafe mana."

"Kai da wa?"

Ya waiwayo ya dube ni. Ta ce za ta duba.

Daga shekarar take shukawa da damina, ta tuge da rani da hannunta. Sai dai bishiyar da ake kashewa duk shekara ba ta ba da abin kirki. Kaka biyu ko ukun da ta ce suka zama takwas, layi uku kawai ta samu. Da idonta ya fara rauni ta sayi audugar kowa da kowa ta kaɗa, dattijon ya saƙa mata biyun ƙarshe. Ranar da muka rufe ta, duk wanda ya tsaya kusa ya ga zanen launi biyu ne, gefe guda ya fi fari. Ba wanda ya tambaya, ni kuma na san amsar.

A lokacin kuɗin mai sun shigo. Samari sun bar gona sun tafi neman kwangila da aikin ofis, kasuwar auduga tana raguwa kowace kaka. Abin da tsutsa ta yi shekaru tana ƙoƙari ta kasa, fetur ya gama shi ba tare da ya huda ƙwallo ɗaya ba. Dokar tuge kara ba a soke ta ba, mantawa da ita aka yi. Ni ma an ɗaga ni zuwa teburi, inda na yi sauran aikina ina sa hannu a kan rahoton samari masu sanin komai.

In na waiwaya yanzu, ba na ganin dokar ta yi kuskure. Tsutsar gaskiya ce, na gan ta a bakin wuƙata, kuma audugar Kagarawal ta shekarar da ta biyo baya ta fi fari, kowa ya shaida. Abin da na koya ya fi wannan ƙanƙanta. Na koyi cewa mai ɗauke da doka ya fara zagaya bayan ɗakinsu kafin ya tara mutane, domin abin da ka girma a inuwarsa shi ne na ƙarshe da idonka zai gani. Na kuma koyi cewa sarar bishiyar ba laifina ba ce, Mama ce ta zaɓa, kuma ta fi ni sanin dalili. Laifina shi ne tafi biyu na iri da aka riga aka gama wa magani, na karɓe don ban yarda da abin da ba ya cikin gwangwani ba. Shekaru biyar na jinkiri da layi biyu na farin kanti, nawa ne.

Ta bar ragowar iri a cikin akwatin ƙarfen. Duk damina nakan shuka uku ko huɗu a bayan ɗakin. Yau babu malamin gona da zai leƙo, babu gonar auduga kusa da za a cuta, in na bar su su zama bishiya ba mai ce mini don me. Na sha yin niyya. Amma in rani ya shigo sai in ga ba zan iya ba, domin barin su tsaye kamar in ce mata saran da ta yi na banza ne. Sai in tsinke, in tsince tagwaye, in baza sauran a kan kwano, in tuge in ƙone.

Jikokina sun ɗauka al'adar ƙabilarmu ce. Ban gyara musu ba.